Mai Tafiya Gaban Jirgi

Aikina tafiya ce.
Ba na tuƙi, ba na lodi.
Ni dai in sa rigar nan mai ruwan lemo,
in riƙe jar tuta,
in shiga gaba, jirgi ya biyo ni
kamar san da ya san muryar mai shi.

A garinmu dogo ba shi da shinge.
Tsakiyar kwalta ya kwanta,
ya bi ta ƙofar banki,
ya gogi kafaɗar shagon aski,
ya gangara bakin teku
inda gishiri ke cin ƙarfe a hankali, ba ya ƙoshi.
Mil shida ne iyakar tsawonsa.
Mutanen babban layi suna ce mana 'yan aike.
Su faɗa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Talata da Juma'a muke fita.
Tarago huɗu, wata ran uku:
katako mai ƙanshin daji,
kifi cikin ƙanƙara,
da fanko guda a baya wanda ya fi kowa surutu.
Arlo na sama, hannu a birki,
ƙararrawa na ta faɗin abu ɗaya.
Kofunan shagon Marisela kan yi rawa bisa kanta
har ta gaji da gyara musu zama.
Da mu take sanin goma saura kwata.

Juma'ar da nake faɗi
hazon teku ya ƙi tashi.
Gaban cocin masunta
ga shuɗiyar a-kori-kura, tsatsa har gindin ƙofa,
ta ɗora taya biyu a kan dogo.
Ko a mafarki na san motar nan.
Shekara goma sha tara ina ƙwanƙwasa gilashinta,
Eino Rautio na fitowa da ƙarnin kifi a hannu
yana cewa titi ya girmi jirgi.
Ƙarya ne, dogo aka fara shimfiɗawa,
amma ban taɓa cin gardamar ba.

Yau Eino na ciki, kwance a akwati.
'Yarsa ce ta tuƙo motar.

Na ɗaga tuta. Ƙarfe ya yi tsaki, ya tsaya.
Arlo ya leƙo, ya nuna igiyar ƙaho.
Na girgiza kai.
Ya dube ni, ya dubi cocin,
ya miƙa hannu ya kashe ƙararrawa.
Ban taɓa jin titin nan shiru haka ba,
har waƙarsu ta fito ta ƙarƙashin ƙofa
cikin harshen kakanninsu da ba na ji.

Rediyo a ƙuguna na ta ɓaɓatu:
jirgin ruwa na jira, ruwa zai janye,
wa zai biya?
Na rage masa murya.
Taragon kifi ya fara ɗiga a kwalta,
tsuntsayen teku suka sauko jin labari.

Minti arba'in da uku.

Masunta shida suka fito da shi a kafaɗa,
takalman zuwa coci na matse musu ƙafa.
Annikki ta hango mu, ta dafe baki.
Na ce, kada ki damu,
babanki ma nan yake ajiyewa.
Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.

Muka wuce a hankali, ba ƙararrawa,
sai da muka bar kasuwar kifi.
Ruwa ya riga ya janye.
Ofis suka rubuta sunana cikin littafi,
na sa hannu inda aka nuna.

Ran Talata wurin ba kowa.
Ɗigon baƙin mai kawai, tsakanin ƙarfe da kwalta.
Na isa, na rage tafiya,
sai na ga hannuna ya riga ya ɗaga
yana neman gilashi.