Kufai Biyu

In ka bar Kaltungo, ka sa hantsi a kafaɗar hagu,
ka wuce gadar da manyan motoci ke rage gudu,
za ka ga tsamiya mai tabon gatari.
Nan ake jingine babur.
Sauran hanyar ƙafa ce kaɗai ta san ta.

Kaka Yila ya hau da ni wata Asabar,
shi da sanda, ni da goran ruwa.
Sau bakwai muka tsaya.
Ya ce ba gajiya ba ce, gaisuwa ce,
kowane dutse a nan da mai shi.

"Ga inda aka binne cibiyata.
Ga ramin da uwata ta ci a falalen dutse
da niƙan dawa, shekara talatin.
Sa hannunka. Ka ji santsi?
Rema ce ke shan ruwa a ciki yanzu.

Ba son iska ya kawo kakanninmu nan ba.
Mahara ne a ƙasa,
doki kuwa ba ya hawan abin da akuya ke shakka.
Ƙasar noma ma a kwando suka hau da ita,
suka jera duwatsu hawa-hawa don kar ruwa ya kwashe,
gona bisa gona, kamar haƙoran masara.

Kuma ba yaƙi ya sauko da mu ba.
Rijiya ce, da kasuwar gyaɗa,
da ƙararrawar makaranta.
Gida ɗaya ya sauka, biyu suka bi.
Na ƙarshe wata tsohuwa ce, Lamela,
ta ce ba ta barin mijinta shi kaɗai a kabari.
Sai da ta cika muka ɗauko tukwanenta."

Ya zauna. Ya daɗe yana neman numfashi.

"Lokacin da nake birkila a aikin hanya
akwai wani bature, mutumin Italiya,
Dominiko, mu kuwa muka mai da shi Ɗanmiko.
Hausarsa ba ta wuce sannu da kawo siminti ba.
Wata Lahadi ya nuna tsaunin nan da haɓa,
na hau da shi.
Da ya ga jeren duwatsun sai ya cire hula.
Na zaci zafi ne.
Ya zaro hoto daga aljihu, duk ya ci gumi:
gidaje maƙale a ƙirjin tsauni kamar sheƙar tsattsewa,
hasumiya guda, da gonaki hawa-hawa irin namu.
Ya nuna ƙirjinsa.
Ya ɗaga yatsu shida, ya rankwafa kamar tsohuwa.
Na gane. Su suka rage.
Sauran ya kaɗa musu hannu can,
inda kuɗi ke kiran mutum da sunansa.

Ka ga dutsen nan mai ja-ja?
Ya faɗo ne, shi ya mayar.
Ya juya shi sau uku yana neman fuskarsa,
ya cusa ƙanana a gindi, babu laka, babu siminti,
daidai yadda ubana ke yi.
Wa ya koya wa wani?"

Na ce, Kaka, yaya sunan garin nasu?
Ya ce ya faɗa, har sau biyu,
amma suna ne mai tsawo, ya zame mini a gangare.

Daga nan sama ana ganin kwanon gidanmu yana ƙyalli,
da layin masu jarka a bakin famfo.
Gwaggon biri ya yi mana tsawa daga inda dā ake shari'a.

Kafin mu juya ya taɓa wani dutse da sanda,
wanda damina ta ture bara.
"Ɗaga," ya ce.
Na ɗaga. Ya fi yadda na zata nauyi.
"A'a. Juya shi tukuna."