Katina Yana Lalitata

Shekara ashirin katin zaɓena
na aljihun maigida, tare da goro da takardar haraji.
Ran zaɓe ya ce: ga hoton da za ki jefa.
In jefa, in dawo in hura wuta.
Tawada ta bushe a yatsa kafin tuwo ya nuna,
iyakar siyasata ke nan.

Sai Sahiya ta tsaya,
Sahiya ɗiyar Tunau mai gyaran rediyo,
wadda muka sha layin famfo tare.
Muka yi dariya a rumfar albasa:
yau kaza ce za ta yi cara?
Ta ci. Kujera ɗaya tak cikin na maza
a majalisar birnin Tawa.

Ban sauya dare ɗaya ba.
Wata magariba dai, rediyo na gefen murhu,
na ji muryarta ta ce "kwata",
kwatarmu, mai cika da damina
har ta shigo zaure ta kwashe takalma.
Ashe abin da ke wari a ƙofata
yana da suna a takarda?

Ran Laraba na ɗaure bakin buhu,
na bar wa Gambo ciniki,
na hau matakala ukun da ban taɓa hawa ba.
Mai gadi ya ce: wa kike nema?
Na ce: ba kowa, ji na zo yi.
Na zauna bencin baya, baki a bushe,
warin albasa a zanena.
Mu biyu ne ranar. Da wata ya kewayo, mu tara.
Barira ta zo da littafin ɗanta na lakwal
tana rubuta wa ya ce me, kuma jaka nawa.

Kada ku ɗauka yabo nake.
Damina biyu, kwata na nan.
Na tare Sahiya a bakin kasuwa,
ta ce kuɗi ba su zo ba,
na ce mu kam mun zo.
Ba ta ji daɗi ba. Ni ma.
Amma da can, wa zan tare?

Jiya na iske autata
ta jera marafan kwalba a tsakar gida,
tana buga cokali a kwano: an buɗe zama!
Ta hana wanta magana sai ya ɗaga hannu.

Katina yanzu yana lalitata,
ƙarƙashin kuɗin adashi.
Maigida ya ce: wa za ki zaɓa bana?
Na ce ina tunani.
Ƙila Sahiya, ƙila a'a.
Ya tsura mini ido.
Na ci gaba da yanka kuɓewa.