Mai Tsaron Ƙugiya

Ƙarfe biyun dare a Rafindadi.
Janareton maƙwabci ya yi tari sau uku, ya mutu.
Saura ni da batir kashi sha tara,
da saƙon Badariyya daga Daura:
"Malam, kundina ya lalace,
duk inda na rubuta ƙasa, kasa ke fitowa."

Na sani. Tun la'asar na sani.
Can wata uwa duniya, waɗansu da ban taɓa gani ba
sun sabunta manhajar tsara shafi,
sun matsar da turke ɗaya tak,
igiyar da na ɗaura a kansa ta saki.
Ƙugiyoyi suka zube kamar gero a ɓulallen buhu.
Wanda ya ɓata ya koma bata,
"an ƙare" ya zama kare
yana haushi a ƙarshen babi.

Ba ni na aza ginin nan ba.
Malam Isiyaku Ruma ne,
ya tara 'yan umarni ɗari huɗu, ya ɗaure su dami guda,
don ka kira kalma ɗaya, shafi ya shirya kansa:
kan babi ya zauna tsakiya,
baiti ya ɗan ja da baya,
sharhi ya sauka ƙasa ya yi ladabi.
Ya bar mini su yadda ake barin gonar gado,
har da tofarta, har da rigimar kan iyaka.
A layi na ɗari biyu da sha ɗaya ya rubuta:
"Kada a taɓa nan.
Ban san dalili ba, amma yana aiki."
Shekara tara ina kewaye layin
kamar mai kewaye tsohuwar rijiya da duhu.

Yau kuwa rijiyar ce.

Na cire baka ɗaya, kuskure arba'in suka taso.
Na mayar, suka kwanta, saura bakwai.
Turai ta leƙo, barci a idonta:
"Wai nawa suke biyanka?"
Na ce Allah ya ba mu alheri.
Ta ce amin, irin amin ɗin da na sani,
ta saki labule.

Kashi shida.
Sai ga shi, ɗan fili guda,
fili wanda bai kai ƙwayar riɗi ba,
tsakanin suna da bakansa.
Shi Malam ya bari bisa kuskure,
kuskuren ya riƙe rufin shekara ashirin.
Na yi dariya ni kaɗai.
Allah ya jiƙanka, Malam, ashe azararka iska ce.

Na toshe. Na gwada.
Ɗan ya dawo da ɗansa,
ƙasa ta tsaya da ƙafarta.

Gobe Badariyya za ta kai kundi ɗinki.
A shafin godiya akwai iyaye, akwai malamai,
har mai kwafi na Ƙofar Ƙaura zai samu layi.
Babu ni, kuma daidai ne:
ba a tuna rariya sai ranar da ta toshe.

Na goge gargaɗin Malam, hannuna na ɗan rawa,
na rubuta wa wanda zai gaje ni,
in akwai shi, in an haife shi:
"An taɓa nan. Ga dalili."

Kashi biyu.
Ladanin unguwa yana hura lasifika.
Na tura.