Keken Kishingiɗa

Keke biyu suka cinye mini baya:
na ɗinki da rana, na hawa safe da yamma.
Shekara talatin da ɗaya ina sunkuye,
har likita a asibitin Garwa
ya ɗaga hoton ƙashina ga hasken taga,
ya ce, “Baba, kai da sirdi sai a lahira.”

Na ce to. Ban ce na yarda ba.

Wata uku ina biyan mai babur,
kowane ramin hanyar Yelwa
sai da ya gaisa da ƙuguna.

Ran wata Laraba, a bakin gadar Binuwai,
wani baƙo ya wuce ni a kishingiɗe,
ƙafafu a gaba, kamar mai jiran a yanke masa farce,
baya a jingine, taya tana gudu.
Yara suna dariya. Ni ban yi ba.
Na bi shi har gindin mangwaro na tambayi kuɗi.
Jaka ɗari huɗu.
Saniya ke nan da ɗan maraƙinta.
Ni kuwa abin da ke gwangwanin madara,
ƙarƙashin tarin ƙyallaye,
jaka arba'in da bakwai ne,
har da tsabar da ta yi tsatsa.

Wani dillali a Marwa ya aiko hoto:
na gwanjo, ja, ɗari da ashirin,
tayar gaba ƙarama, irin da babu a kasuwarmu.
Na kwana ina kallonsa.
Da asuba Dudu ta ce,
“Tayar da ba a sayarwa a garinku
ba taya ba ce, bashi ne mai zagaye.”

Sai na nufi Jingi mai walda.
Ya saurara, ya sosa ƙeya da ƙarfe,
ya jawo gawar keke biyu daga bayan rumfa.
Ya ce, “Dogo ko gajere?
Gajere yana juyawa a lungu, amma yana da rawar kai.
Dogo ba ya gardama, sai dai zaurenka zai yi masa kaɗan.”
Na ce dogo.
Na wuce shekarun rawar kai.

Ya karɓi tef ɗina, ya zaunar da ni a ƙasa,
ya auna ni daga ƙugu zuwa diddige.
Ni da na auna rabin unguwa,
yau ga ni ana karanta lambata.

Sarƙa uku za a haɗa, in ji shi.
Birki sabo, a nan ban yi ciniki ba.
Fenti? Na ce bari, tsatsa ma launi ce.
Kujera ni zan ɗinka,
da tamfol, ninki biyu, zare mai kauri.
Ya ce hamsin da biyar. Na juye gwangwani.
Takwas da suka rage
za su fita a rigunan sallar ’ya’yansa uku,
har da aljihu.

Da ya ga yadda na yi ƙasa-ƙasa,
ya ce manyan motocin auduga ba za su gan ni ba.
Dudu ta yago gefen tsohon zanenta ruwan ɗorawa,
muka ɗaura a kan gora mai tsawo.

Na faɗi sau biyu a yashin bayan makaranta.
Faɗuwar ba nisa, wannan ma riba ce.
A na uku ƙarfen ya gane ni.

Jiya na taka har gada.
Ashe akwai shirwa a saman kasuwar kifi.
Ashe darbejiyoyin titinmu
sun haɗa kai a sama tun ban sani ba.
Shekara talatin da ɗaya
na san garin nan ta ramukansa.

Mai shayi ya ɗaga murya:
“Tela, barci kake ko tafiya?”
Na kaɗa masa ƙararrawa.
Ita kaɗai na ciro daga tsohon kekena.