Ɗari Da Shida

Ƙarfe bakwai da rabi muka fito,
ni da Torquil mai ciwon gwiwa.
Teku na hagu tana dukan duwatsu
kamar mai wanki da fushi.
Filin nan ba hannun mutum ya zana shi ba:
rairayi ne ya kwanta yadda ya ga dama,
tumaki suka yi masa aski,
mu kuwa muka kafa tuta, muka ce namu ne.

Bugun farko na saki da ƙarfina duka.
Ƙwallo ta tashi fara fat,
ta yi nisa, ta tsaya tunani,
iska ta raɗa mata wani abu a kunne,
sai ta karkata, ta faɗa cikin ƙaya.
Torquil bai yi dariya ba.
Ajiye ta ya yi, sai an jima.

Bayan rami na huɗu rumfar Ishbel take,
inda kakanta ke shanya taru a da.
Yau tukwanen ƙarfe uku ke huci a ciki,
sha'ir daga gonar ƙanenta,
ruwa daga ƙoramar da ke bayan coci.
Ta tsiyayo mana ja-ja, kumfa yatsa biyu,
zaƙi a gaba, ɗaci a baya,
irin maganar abokin ƙwarai.
Ta ce, "Kurɓa ake yi, dattawa,
saura rami sha huɗu."

A na bakwai na faɗa ramin yashi,
mai zurfin da sai da matakala.
Daga ciki ba ka ganin tuta,
sai sama, sai tsuntsun teku yana leƙenka.
Na buga, yashi a baki.
Na buga, yashi a wuya.
Na huɗu ta fita, ta gangaro, ta dawo gindin ƙafata
kamar karen gida.
Nan Torquil ya ɗauko dariyar da ya ajiye,
ya kashe ta duka, har da tari.

A na tara ruwa ya zo a kaikaice.
Yaron Ishbel ya biyo mu a keke
da kwalba biyu cikin safar ulu.
Baƙa ce wannan, wuluk,
ƙamshin hayaƙi da gahawa mai ƙuna.
Muka raɓe a bayan tudu muna sha,
hanci na zuba, yatsu sun ƙage.

Nan ne ya faɗa, yana duban kwalba.
'Yarsa ta gyara masa ɗaki a Aberdeen,
hawa na uku, kusa da asibiti.
Jirgin ruwan Talata.
Ban ce komai ba.
Shekara talatin da ɗaya muna faɗa da iskar nan tare,
me zan ce da iska ba za ta kwashe ba?

A na sha bakwai ya zaro tsohuwar sanda
mai mariƙin da aka naɗe da zare.
Bai ɗaga ƙwallo sama ba.
Ƙasa-ƙasa ya kore ta,
ta bi kwari, ta hau tudu, ta sauka a hankali
kamar tsohuwa mai zuwa unguwa,
ta tsaya taku ɗaya da tuta.
Ya ce, "Wanda ya sunkuya, iska ba ta ganinsa."

Da yamma Ishbel ta kawo ta uku,
ruwan zuma, mai ɗan gishiri a ƙarshe,
sabuwa, ko suna ba a raɗa mata ba.
Torquil ya lashi kumfa a gashin baki,
ya jawo jiƙaƙƙiyar takardata,
ya haɗa lissafi da guntun fensir,
sau biyu, don mugunta.

"Kira ta Ɗari Da Shida," in ji shi.

Ta rubuta da alli a jikin allo.
Fensirin kuwa a aljihuna ya sa shi,
bai dube ni ba.