Gurbin da Sagir Ya Ƙara

Ranar da na ce tarihi zan karanta
Kawu Gwadabe ya fasa ɓare goronsa.
Ya ce, "Tarihi, ko dai tatsuniya?
Wanda ya mutu ai ba ya biyan albashi."
Na sunkuyar da kai.
Shekara huɗu kan nan bai ɗago ba.

Yau ga ni a wani ƙauye bayan Auyo,
kwamfuta a cinya, caji saura kwata,
ni da Sagir, ɗan gidan lissafi,
mai ganin duniya layi bayan layi
kamar kunyoyin gero ranar huɗa.
Aikinmu ƙirga: gona, rijiya, baki nawa a gida,
mu zuba wa na'ura, ita ta faɗa wa ofis
wa za a ba iri, wa zai jira baɗi.

Daren farko Sagir ya dafe goshi.
"Alƙaluman nan sun ruɓe.
Uwa arba'in, kowacce ta rage ɗa guda.
Ƙarya suke, ko tallafin ne ba sa so?"
Na ce, zo mu koma gidan Iya Tabawa.
Ta sake lissafa shida a yatsunta,
na bakwai yana tsaye riƙe da akuyarta,
gemu ya kai ƙirji.
Ta kalli katanga.
Na ce, ɗan fari ne, Sagir,
bakin uwa ba ya ɗaukarsa.
Muka juya tambayar: "Ban da babban, nawa?"
Kafin la'asar mutum arba'in sun dawo duniya.

Baba Maikwano kuwa ba shi da shekarar haihuwa.
Ya ce, "Da ruwa ya ci kasuwa, ina goye."
Na'ura ba ta san goyo ba, ta ba shi sifili.
Na tono littafina na aji uku,
wanda na cika a bakin masunta
lokacin da ake min dariyar bin tsofaffi,
na sami ruwan, na sami kasuwar,
na mayar wa dattijo da shekarunsa.

Sai taswira.
Daga sama hoton ya nuna fili yamma da gari,
fetal, ba gona, ba bukka, tsamiya uku kawai.
Na'ura ta ce nan ya dace da rumbun taki.
Sagir ya yi murna har ya tafa.
Ni kuwa na lura tun safe
makiyayi yana kewaye wurin da tumakinsa,
mai keke yana sauka ya tura.
Na tambayi liman. Ya daɗe yana jan carbi.
"Tsohon gari ne. Sanƙarau ya shigo da bazara.
Kakata tana nan, gindin ta tsakiya."

Sagir bai ci tuwo ba daren nan.
Da asuba na same shi a kan tabarma
ya buɗe sabon gurbi a ƙarshen jadawali,
faffaɗa, babu lamba a ciki.
Ya ce, "Me za mu sa masa suna?"
Na ce, bar shi haka, mu dinga saurare.

Yanzu yana koya min yaren na'ura,
waƙafi ɗaya ya ɓata, komai ya tsaya cak;
ni ina koya masa gaisuwa,
a tambayi gajiya da iyali da ruwan bana
kafin a tambayi awaki.
Har yanzu yana gaggawa. Har yanzu ina mance waƙafi.

Ƙarshen wata na tura wa Kawu na goro ta waya.
Ya kira, murya tana rawa, "Wannan fa daga ina?"
Na ce, Kawu, matattun nan ne suka biya.