Ta Arba'in da Ɗaya

Punta Arenas, ƙarfe ɗaya na dare.
Iskar teku na dukan kwanon asibiti
kamar mai bin bashi.
Ni kuwa ina can ƙasa, ɗakin saba,
inda sanyi na kuɗi ne, saya ake yi,
alhali ga na Allah a waje kyauta.

Na sauke manhajar. Ba wanda ya ce in biya.
Waɗansu ne da ban san fuskarsu ba
suka ƙera ta, suka bar ƙofa a buɗe,
kamar wanda ya haƙa rijiya a bakin hanya,
ya rataye guga, ya yi gaba.

Umarni na farko ya wuce lafiya.
Na biyu ya turje, wai sai da 'yan rakiyarsa,
ƙananan manhajoji goma sha bakwai,
kowacce da nata ƙorafin.
Na ba su masauki. Na gina rumbun bayanai,
na raɗa masa kalmar sirri
da ba zan faɗa ko a magagin barci ba.

Sai fayil ɗin saiti. Nan ake yin ta.
Waƙafi guda da na manta a layi na tamanin
ya cinye mini minti arba'in
da rabin haƙurina.

Cárcamo mai gadi ya sauko
da butar ruwan zafi da ƙoƙon mate.
Ya ce, "Ximena, har yanzu hira kike da ƙarafa?"
Na ce, "Abokin aiki nake horar maka,
wanda ba ya gyangyaɗi."
Ya ce, "To shi ma a hana shi ƙarin albashi."

Na huda wa katangar tsaro ƙofa ɗaya tak,
na koya wa sabon mai gadin gaisuwa:
duk minti biyar ka zaga,
ka ƙwanƙwasa, ka ce, kuna nan?
In an yi shiru sau uku, ka tashe ni.
Ba sau ɗaya ba. Ni ma mutum ce.

Na'urori arba'in ke cikin takardata.
Allon ya fara tsiro, kore bayan kore,
ɗakin haihuwa, ɗakin magani, ɗakin hoton ƙashi.
Firintar bene na uku ta yi ja,
amma ita dama halinta ne.
Arba'in cif.
Sai ga ta arba'in da ɗaya.

Ba suna. Adireshi kawai, da numfashi.
Na tambaye ta tun yaushe take tsaye,
ta ce kwana dubu biyu da ɗari tara da shida.

Muka bi kebul ɗinta da tocila, ni da Cárcamo.
Ya laɓe bayan bututun ruwa,
ya shige ƙarƙashin wani kabad
da ba a buɗe ba tun rasuwar Don Belisario.
A ciki, tsohuwar kwamfuta, ƙura har wuya,
fankarta na tari, tana aiki.
An manna mata takarda da rubutun biro:
"Ita ke auna sanyin firjin jini.
Kada a kashe."

Shekara takwas tana aika rahoto
zuwa akwatin saƙon mutumin da ke kwance
ƙarƙashin itatuwan maƙabartar gari.
Duk awa: jini lafiya. Jini lafiya.
Ba ta taɓa tambaya ko ana karantawa ba.

Na koma kujera. Ruwan ya huce.
Na shigar da ita a layi na ƙarshe,
na juyo da saƙonta zuwa wayata.
Gurbin suna ya tsaya yana ƙifta mini ido.
Cárcamo ya cire hula, ya ce, "Sa nasa."

Ƙarfe huɗu da kwata, sunan Belisario ya yi kore.
Iska ba ta lafa ba.
Na kashe fitila,
na bar su suna gaisawa.